Ra'ayinmu: Yaron Da Ya Iya Hadda, Ya Iya Bayani Kuwa?



A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan ajin yara, ko ajin yana cikin ɗakin sujada ne, ko a gindin darbejiya a bayan majami'a, ko a 'yar makarantar firamaren da ikilisiya ta gina da gumin membobinta. Maganar a taƙaice ita ce, yaranmu sun iya hadda ƙwarai, amma da yawansu ba sa iya faɗin abin da suka fahimta da bakinsu. Gyaran wannan kuwa yana hannunmu, kuma ba ya cin kuɗi.

Kowa ya san yadda aji yake tafiya a yawancin wurare. Malami ya faɗi aya, yara su maimaita gaba ɗaya. Ya sāke faɗa, su sāke maimaitawa, har muryarsu ta kai bakin hanya. Daga nan ya ce, "Kun gane?" Su ce, "I, Malam!" A yi waƙa, a yi baiko, a tashi. Ranar bikin yara sai ɗan shekara takwas ya tsaya gaban jama'a ya kawo Zabura 23 daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, a tafa masa, mahaifiyarsa ta yi guɗa. Amma a ja shi gefe a tambaye shi dalilin da ya sa Dawuda ya kwatanta Ubangiji da makiyayi, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Alhali yaron nan shi ne yake kora awakin gidansu kiwo kowace yamma. Ya san wadda take yawan ratsewa, ya san yadda ake neman wadda ta ɓata bayan faɗuwar rana. Ya fi malaminsa sanin kiwo, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu raina hadda ba. Ayar da mutum ya haddace yana yaro ita take zuwa masa a gadon asibiti da bakin kabari. Iyayenmu da suka koyi karatu a azuzuwan koyar da addini na zamanin mishan, suka riƙa karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, da hadda suka fara, kuma bangaskiyarsu ta jure wahala iri iri. Hadda kamar hatsi ce a rumbu. Amma ba wanda yake cin dawa da zangarniyarta. Sai an sussuka, an surfa, an niƙa, an tuƙa, sannan ta zama abinci. Tunani da bayani su ne wannan aikin, kuma shi ne ake yawan tsallakewa.

Me ya sa abin ya fi damun mu?

A inda masu bi suke da yawa, yaro zai iya girma cikin taro ba wanda ya tambaye shi dalilin bangaskiyarsa. Namu yaran ba haka suke ba. A unguwanni da ƙauyuka da yawa yarinyarmu ita kaɗai ce Kirista a ajinsu. A bakin rijiya, a filin ƙwallo, a wurin koyon ɗinki ko gyaran babur, abokai za su tambaye ta ko su tambaye shi, sau da yawa ba da mugun nufi ba, don son sani kawai: me ya sa kuke zuwa sujada ran Lahadi? Me ake nufi da gicciye? Yaron da bai taɓa gwada faɗin waɗannan abubuwa da kalmominsa ba, ɗayan biyu zai yi. Ko dai ya yi shiru da kunya, har a hankali ya fara ganin abin da aka koya masa ba shi da tushe, ko kuwa ya fusata ya faɗi maganar da za ta ɓata zumuncin da iyayensa suka yi shekaru suna ginawa da maƙwabta. Duka biyun hasara ce.

Ga kuma ƙarancin lokaci. A wurare da dama yaranmu ba su da malamin da zai koya musu addinin Kirista a makarantar gwamnati, saboda haka abin da suke samu shi ne na gida da na ranar Lahadi. Mako yana da awa 168. Idan ajin Lahadi awa ɗaya ne, to, a shekara awa 52 ke nan, in ba a yi fashi ko sau ɗaya ba, ba ruwan sama, ba zazzaɓi, ba aikin gona. Lokacin da bai fi haka ba, bai kamata ya ƙare a amshin Shata ba.

Abin da Littafi ya nuna mana

Wasu dattawa za su ce yaro mai yawan tambaya marar kunya ne. Muna girmama wannan damuwa, domin ladabi gādonmu ne, ba kuma za mu sayar da shi ba. Amma mu duba Littafi. A Fitowa 12:26, da Maimaitawar Shari'a 6:20, da Joshuwa 4:6, an shirya wa iyaye amsar da za su bayar sa'ad da 'ya'yansu suka tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa, da ma'anar dokoki, da ma'anar duwatsu goma sha biyun da aka ɗebo daga Kogin Urdun. Wato Allah da kansa ya sa rai yara za su yi tambaya, har ya sa aka kafa alamun da za su jawo tambayar. A Luka 2:46 an sami Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu zaune a tsakiyar malamai a Haikali, yana sauraronsu, yana kuma yi musu tambayoyi. Surar nan ɗin ce kuma ta shaida cewa ya koma Nazarat yana yi wa iyayensa biyayya. Ashe tambaya da ladabi suna iya kwana ɗaki ɗaya.

Da ya fara koyarwa ma haka ya yi. Masanin Attaura ya zo masa da tambaya a Luka 10, sai ya mayar masa da ita, ya nemi jin yadda shi yake karanta Attaurar. Bayan ya ba da misalin Basamariyen nan mai tausayi, bai faɗi darasin da kansa ba, ya bar mutumin ya zaɓi wanda ya zama maƙwabci cikin mutum ukun. A Markus 8 ya fara tambayar almajiransa abin da jama'a suke faɗa a kansa, sannan ya nemi jin nasu. Filibus kuma, da ya tarar da baban nan na Habasha yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, abin da ya fara bincika shi ne ko mutumin yana fahimtar abin da yake karantawa.

Al'adarmu ma ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Kakanninmu sun koyar da yara da kacici-kacici a dandali. A jefa wa yaro tambaya, a bar shi ya yi ta lalube, in ya gaza ya ba da gari, sannan a faɗa masa. Akwai kuma tatsuniyoyin da ake rufewa da tambayar wa ya fi wani gwaninta, a bar masu sauraro su yi ta gardama har barci ya kwashe su. Hausawa kuwa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Ɗabi'u biyar da kowane malami zai iya

Abin da muke roƙo shi ne a ɗauki waɗansu 'yan ɗabi'u a riƙa yin su kowane mako, har yara su saba da su kamar yadda suka saba da addu'ar buɗewa. Sirrin yana cikin maimaitawa. Abin da aka yi sau ɗaya don baƙo ya zo, ba ya canza kowa.

Ta ɗaya, jira. Wata malamar kimiyya a Amurka mai suna Mary Budd Rowe ta yi shekaru tana sauraron darussan da aka ɗauka a rikoda, ta kuma ba da rahoton abin da ta gano a 1972. Ta tarar cewa yawancin malamai, in sun yi tambaya, jiransu bai wuce daƙiƙa ɗaya ba kafin su maimaita ta, ko su kira wani yaro, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, yaran da ake ɗauka ba su da ƙoƙari suka fara magana, yara kuma suka fara kawo nasu tambayoyin. Ta kuma nuna amfanin jira na biyu, wato bayan yaro ya yi shiru, domin sau da yawa bai gama ba, numfashi yake yi. Malam, in ka yi tambaya, ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuciyarka kafin ka kira kowa. Shirun zai yi maka nauyi a makon farko. Ka daure, a cikinsa ne yaro yake tunani.

Ta biyu, tambayi dalili. In yaro ya ba da amsa, daidai ce ko kuskure, kafin malami ya yanke hukunci sai ya ce, "Me ya sa ka ce haka?" ko "A ina ka gani a cikin labarin?" Wannan tambaya tana cikin ɗabi'un da masu binciken ilimi na Jami'ar Harvard suka tattara suka gwada a makarantu, waɗanda Ron Ritchhart da abokan aikinsa suka bayyana a littafin da suka fitar a 2011. Da farko yara za su zaci sun yi kuskure ne, domin sun saba ba a neman dalili sai ga mai laifi. Saboda haka a yi ta da fara'a, a yi wa kowa, har su gane cewa malami yana son jin yadda suka isa ga amsar ne.

Ta uku, yi tunani, faɗa wa na kusa da kai, sannan faɗa wa aji. Frank Lyman na Jami'ar Maryland ne ya bayyana wannan tsari a 1981. Malami ya yi tambaya, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan kowane yaro ya juya ga na kusa da shi su tattauna na minti ɗaya ko biyu, daga baya a kira waɗansu su faɗi abin da suka samu. Wannan ita ce amsarmu ga malamin da zai ce yaransa sun yi yawa. Ko yara sittin ne, a cikin minti biyun nan dukansu sun buɗe baki, maimakon uku ko huɗun da suke ɗaga hannu kullum. Tana kuma taimakon 'yan mata da yara masu kunya ƙwarai, gama wadda ba za ta iya magana gaban aji ba za ta iya raɗa wa ƙawarta. Wani lokaci malami ya ce yaro ya faɗi abin da abokinsa ya ce, ba nasa ba. Ta haka ake koyon sauraro.

Ta huɗu, kawo abu a gani. Gani ya kori ji. A ajiye fitilar aci-balbal, ko gishiri, ko dunƙulen yumɓu, ko zangarniyar gero, ko hoto, a yi tambaya uku bi da bi: me kuka gani? Me kuke tsammani yake faruwa? Me kuke so ku sani? Amfanin jeren shi ne yana koya wa yaro ya raba abin da idonsa ya gani da abin da ya zata. Wanda ya koyi wannan tun yana ƙarami ba zai zama mai saurin ɗaukar jita-jita ba, mu kuwa mun san irin ɓarnar da jita-jita take yi a garuruwanmu, balle yanzu da take yawo a wayar hannu.

Ta biyar, rufe aji da jimla biyu. Minti biyar kafin a tashi, yara uku ko huɗu su cika wannan: "Dā ina tsammani kaza, yanzu kuwa na gane kaza." Wannan ya fi "Kun gane?" sau ɗari, domin malami zai ji ainihin abin da ya shiga, ya kuma gyara abin da ya shiga a karkace. A nan yaro yake koyon cewa sāke ra'ayi saboda an ga gaskiya ba abin kunya ba ne. Manya da yawa ba su koyi wannan ba har yau, shi ya sa taron majalisa yakan kai dare.

Bari mu kwatanta

A ce malama tana koyar da misalin ɗan da ya ɓata, a Luka 15:11-32. Bayan ta karanta, maimakon ta tambayi yawan 'ya'yan mutumin, sai ta ce, "Cikin 'ya'yan nan biyu, wanne ne ya fi nisa da zuciyar mahaifinsa?" Ta yi shiru. Ta sa su tattauna biyu biyu. Wani yaro ya ce, "Malama, ƙaramin ne, shi ya tafi." Ta tambaye shi dalili, ya kawo maganar dukiyar da ya lalatar. Wata yarinya ta ce, "Malama, ni ina ganin babban ne." Ta ce, "A ina kika gani?" Yarinyar ta ce, "Ya ƙi shiga gida, kuma da yake magana da babansu bai kira shi ƙanensa ba." Sai malama ta sa a buɗe aya ta 30 a duba, a ga haka ne, ta kuma nuna musu yadda uban ya tuna masa a aya ta 32 cewa ɗan'uwansa ne. Sannan ta ce su lura, labarin ya ƙare ba a faɗa mana ko babban ya shiga ba. "Da ku ne, za ku shiga?" Yaran nan za su tafi gida da labarin yana motsi a zuciyarsu, kuma ayar haddar wannan rana za ta zauna, domin ta sami wurin zama.

Inda za a yi hankali

Ba muna cewa kowace amsa daidai ce ba. Ajin Lahadi ba dandalin ra'ayi ba ne. Ma'aunin shi ne Littafi, kamar yadda aka yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 saboda suna bincika Littattafai kowace rana don su tabbatar da abin da aka faɗa musu. Aikin malami shi ne ya mai da yara ga ayar kullum. Wannan yana nufin sai ya yi shiri fiye da dā. Wanda ya buɗe littafin darasi da safiyar Lahadi a kan hanyar zuwa majami'a ba zai iya ba.

Bulala da dariyar reni ba su da wuri a irin wannan aji. Yaron da aka doke ko aka yi wa dariya don ya yi kuskure, ya rufe bakinsa ke nan, wani lokaci har shekaru. In kuma yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfin malami, malamin ya ce zai bincika ya kawo amsa mako mai zuwa, ya kuma cika alkawari. Girmansa ba zai ragu ba. Ana iya ajiye ƙwarya a bakin ƙofa inda yara za su jefa tambayoyinsu a rubuce ba suna, fasto ko dattijo ya zo sau ɗaya a wata ya amsa.

Sai maganar harshe. Yaro yana tunani ne da harshen da yake mafarki da shi. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarabanci dukan shekaru shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, sakamakonsu kuma ya fi na waɗanda aka juya su zuwa Turanci da wuri. Ko wane tsari makarantun boko suke bi, a ajin Lahadi ba wanda ya ɗaure mu. A bar yaro ya yi bayani da Hausa ko da yaren gidansu. Ayar Turanci a bakin yaron da bai san ma'anarta ba karatun aku ne.

Abu na ƙarshe a nan ya fi sauran nauyi. Ba 'yan gardama muke so mu yaye ba. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari 3:15, ya haɗa shirin ba da amsa da tawali'u da ladabi. A koya wa yara su faɗi abin da suka gaskata ba tare da zagi ko reni ga addinin kowa ba, su kuma san lokacin da shiru ya fi magana. Yaron da ya saba sauraron abokinsa har ya gama, ya saba kuma auna magana kafin ta fito, shi ne zai iya zama lafiya da maƙwabci ba tare da ya saki abin da ya riƙe ba.

Kira ga dattawa da iyaye

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa maganar ajin yara cikin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba. A raba yara bisa ga shekarunsu, ko da aji biyu ne kawai, domin ɗan shekara huɗu da ɗan shekara goma sha uku ba tambaya ɗaya ake yi musu ba. A daina barin yara a hannun wanda ya rasa abin yi. A nemo malaman makaranta da suke cikinmu, da waɗanda suka yi ritaya, su zauna da malaman Lahadi rana ɗaya kowane wata uku su gwada waɗannan ɗabi'u a kan junansu. Ƙananan ikilisiyoyi da suke kusa da juna su haɗu su yi tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a ɗauki biyar ɗin gaba ɗaya. A fara da jira da tambayar dalili na wata guda, sannan a ƙara. Fastoci kuma mu riƙa shiga ajin yara mu zauna a baya mu saurara, ba sai ranar biki ba.

Iyaye, in an dawo daga sujada ana cin abinci, bayan kun ji ayar hadda, ku ce wa yaro ya ba ku labarin da bakinsa, ku tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki, ku kuma ba shi lokaci ya gama. Ko wanda bai yi karatu ba zai iya wannan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suke zaune a kan tabarma yau, nan da shekara ashirin su ne dattawa, da masu bishara, da shugabannin zumuntar mata na ikilisiyoyin nan namu ƙanana, kuma su ne za su amsa tambayoyin da ba mu ma ji su ba tukuna.

Ubangiji ya ba malamanmu haƙuri da hikima, ya buɗe bakin 'ya'yanmu da zukatansu, ya kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.